Minti Biyun Farko na Fim

(KIƊAN BUƊEWA, YA LAFA A HANKALI)



A gidajen kallo na Hadejia, lokacin da sunaye ke wucewa a farkon fim shi ne lokacin neman benci da sayen gyaɗa. Amma ko ba a lura ba, launi da kiɗa da siffar haruffa sun riga sun faɗa wa zuciya abin da za ta tarar: dariya, soyayya ko fargaba.

Wani mai zane Ba'amurke, Saul Bass, ya gane haka tun tuni. A gabatarwar da ya tsara wa fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, wasu layuka ne kawai ke ratsa baƙin allo suna tsaga sunayen 'yan wasa, kiɗan gogen da Bernard Herrmann ya tsara na tsuma rai. Ba a kashe kowa ba tukuna, amma hankalinka ya tashi.

Mu fa? Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, yawancin fina-finan Kannywood da tambarin kamfani suke farawa, sai jerin sunaye da doguwar godiya. Godiya ba laifi ba ce, sai dai muhallinta ƙarshe. Fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun ɗan sauya lamarin, don daga gidan maƙwabta kana jin kiɗan ka san an fara.

To a ce darakta ya zo Hadejia. Ya ɗauki kogi da sanyin safiya, masunci na jefa birgi daga kwalekwale, tsuntsayen dausayin Baturiya na tashi, fararen haruffa na fitowa sannu a hankali. Mai kallo ya saki jiki, yana jiran masoya. Wannan kogin dai, a ɗauke shi kamar yadda ya tumbatsa a damunar 2020 da ta 2022: ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa, shinkafa ta nutse, kyamara a ƙasa-ƙasa, babu kiɗa sai ƙugin ruwa, sunayen na rawa kamar za su narke. Kowane manomin fadama zai san labarin asara ne kafin wani ya buɗe baki.

Matsalar yanzu ita ce yatsa. Tun 2017 Netflix ta sa maɓallin tsallake gabatarwa, mai kallon YouTube a waya kuwa bai ma jira maɓalli ba, gaba yake ja. Minti biyun nan na neman komawa daƙiƙa goma.

(ƘARAR RUWA, SAI KIƊA)