Zaɓen Na'urar Kunne Don Amsa Waya A Ofis Da Shago

KONTAGORA: Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, dillalin hatsi a Kontagora ya daina jiran direba ya kawo masa labarin farashi. Daga kan bencinsa yake jin yadda masara ta kwana a Dawanau ta Kano, da kuma Bodija ta Ibadan. Sai dai galibi ana yin wannan hira ne da waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu kuwa yana rubuta lissafi. Wanda ya daɗe yana haka, wuyansa da kafaɗarsa ne ke biyan kuɗin.

Maganin wannan shi ne na'urar da ake ɗaurawa a kai, mai abin sauraro da makirfo. Ba sabon abu ba ne. Matuƙan jirgin sama biyu ne suka kafa kamfanin Plantronics a Amurka a 1961, kuma da na'urarsa Neil Armstrong ya yi magana daga duniyar wata a 1969.

Abin da mai saye zai fara dubawa shi ne nauyi. Wadda ba ta dame ka ba a minti biyar na gwaji tana iya zame maka kaya bayan awa huɗu. A garin da zafin Maris da Afrilu ke gasa mutane, matashin soso ya fi na leda, domin leda tana tara gumi. Mai kunne ɗaya ta fi dacewa da mai shago, wanda dole ya ji sallamar mai ciniki. Mai kunne biyu kuwa ta ma'aikacin ofis ce da ke gefen janareta.

Makirfon ya kasance mai tace hayaniya, a ajiye shi kamar faɗin yatsu biyu daga baki. Kuskuren jin "sha biyar" a maimakon "hamsin" ba ƙaramar asara ba ce a cinikin tirela guda.

Marar igiya, wato mai Bluetooth, tana kai kimanin mita 10, amma tana buƙatar caji. Inda wuta ba ta da tabbas, a ajiye mai igiya a aljihun tebur.

Game da ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako. Idan na kusa da kai yana jin muryar abokin cinikinka, to ƙarar ta yi yawa, kuma farashinka ya fita.