Andy Flower: mai tsaron sanduna da ya yi wa ƙasarsa makoki a filin wasa

Wasan kurket baƙo ne ga yawancin masu karatu, don Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka, irin su Indiya, Pakistan, Ostareliya da kudancin Afirka. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mai jifa yana auna su da ƙwallo mai tauri, mai bugu kuma yana tsaye gabansu da gora yana kare su, yana maka ƙwallon nesa don ya tara maki. Bayan sandunan akwai mutum guda a tsugune, da safar hannu mai kauri, wanda aikinsa shi ne cafke duk ƙwallon da ya wuce. Shi ake kira mai tsaron sanduna. A babban wasa irin na kwana 5, wanda ake ce wa Tes, yakan tsuguna ya tashi fiye da sau 500 a yini guda, in kuma layin ƙungiyarsa ya zo, ya tuɓe safa ya ɗauki gora. Shi ya sa a da ba a tsammanin maki mai yawa daga gare shi: ƙafafunsa sun riga sun mutu kafin ya fara bugu.

Andy Flower na ƙasar Zimbabuwe yana cikin ƴan ƙalilan da suka riƙe aikin nan biyu ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba. An haife shi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu a shekara ta 1968, ya tashi a Zimbabuwe tare da ƙanensa Grant, wanda shi ma ya zama ɗan wasan ƙasa. Ranar da ya fara buga wa ƙasarsa, a gasar kofin duniya ta 1992, ya ci maki 115 a kan Siri Lanka ba a fitar da shi ba. Duk da haka Zimbabuwe ta sha kashi. Abin da zai yi ta faruwa da shi ke nan shekara goma: shi ya yi fice, ƙungiyar ta faɗi.

Dalili kuwa a fili yake. Sai a 1992 aka karɓi Zimbabuwe cikin ƙasashe masu buga Tes, kuma ƴan wasanta ba su da yawa, akasarinsu ƴaƴan farar fata ne da suka fito daga ƴan makarantu kaɗan. Nasararta ta farko ta zo a 1995 a Harare, a kan Pakistan. Flower ne kyaftin, ya ci 156, ƙanensa Grant ya ci 201. A wannan wasa ne wani saurayi mai jifa, Henry Olonga, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa ƙasar Tes.

Ganiyarsa ta zo a 2000 da 2001. A Indiya, inda ƙwallo ke murɗewa a kan busasshiyar ƙasa yana ruɗa baƙi, ya tara maki 540 a wasa biyu, sau biyu kawai aka iya fitar da shi. A birnin Nagfur ya ci 232, adadin da har yanzu babu mai tsaron sandunan da ya kai a bugu guda na Tes. Shekara ta gaba Afirka ta Kudu ta zo Harare ta zuba maki 600, Flower yana tsugune bayan sanduna tun daga farko har ƙarshe. Da ya ɗauki gora ya ci 142, ya sake komawa ya ci 199, saura maki ɗaya ya cika 200 sai abokan bugunsa suka ƙare. Zimbabuwe ta sake faɗuwa, amma a wannan shekara sunansa ya hau saman jerin masu bugu na duniya baki ɗaya.

A daidai lokacin ƙasar na cikin wani hali. Tun 2000 ake ƙwace gonakin farar fata da ƙarfi, ana dukan ƴan adawa, abinci ya yi wuya, zaɓen 2002 kuma ya bar baya da ƙura. Shugaba Robert Mugabe shi ne uban ƙungiyar kurket ta ƙasa, fadarsa kuma tana maƙwabtaka da filin wasa na Harare. A wannan fili, ranar 10 ga watan Fabrairu 2003, a wasan kofin duniya da Namibiya, Flower da Olonga suka fito ɗaure da baƙin abu a damtse, wanda ba komi ba ne illa baƙar roba mai danƙo irin wadda masu gyaran lantarki ke naɗe waya da ita. Sun raba wa ƴan jarida takarda mai cewa suna makokin mutuwar demokaraɗiyya a ƙasarsu.

Flower ne ya nemi Olonga, kuma ya san abin da yake yi: da shi kaɗai ya fito, da an ce Bature ne ke kukan gonakin danginsa. Sai dai kuɗin da kowannensu ya biya ba ɗaya ba ne. Flower yana da shekara 34, yana da kwangila a ƙungiyar Essex ta Ingila, kuma ba a iya cire shi daga wasa ba don shi ne ginshiƙin ƙungiyar. Olonga yana da 26. An ajiye shi a benci, kulob ɗinsa na Takashinga ya kore shi, aka yi ta aika masa barazanar kisa. Da Zimbabuwe ta tsallake zuwa zagaye na gaba, wanda aka buga a Afirka ta Kudu, can ya ɓuya bayan wasan ƙarshe, daga baya ya wuce Ingila. Daga nan babu wanda ya sake buga wa Zimbabuwe a cikinsu. Flower ya tafi da maki 4,794 a wasan Tes 63.

Rayuwarsa ta biyu ta horarwa ce. A 2009 aka danƙa masa ƙungiyar Ingila, ya ci da ita kofin duniya na gajeren wasa a 2010, ya doke Ostareliya a gidanta a kakar 2010 zuwa 2011, abin da Ingila ta yi shekara 24 ba ta yi ba, ya kuma kai ta matsayi na ɗaya a Tes. An san shi da tsanani da ƙarancin dariya, wasu ƴan wasa ma sun ce ya cika matsi. Da Ostareliya ta rama da ci 5 da babu, ya sauka a farkon 2014. Sojoji sun tilasta wa Mugabe barin mulki a 2017. A 2021 hukumar kurket ta duniya ta sa Flower cikin jerin gwarazanta, ɗan Zimbabuwe na farko da ya shiga, a 2025 kuma ƙungiyar Bangalor da yake horarwa ta ci gasar IPL ta Indiya karo na farko. Olonga ya koma Ostareliya da zama, inda aka fi saninsa da waƙa.