Hawa da gangara: Yadda keke ke dawowa kan hanyoyin karkarar Kazaure

Da aka idar da sallar asuba na fito da kekena daga cikin garin Kazaure na nufi yamma, hanyar Roni. Ban yi nisa ba hanya ta fara hawa. Numfashina ya sauya, cinyoyina suka ɗau zafi, har na fara tunanin sauka in tura.

Ina cikin wannan hali wani dattijo ya wuce ni a kan tsohon keke marar giya, da buhu ɗaure a kariya. Ya yi mini sannu ba tare da ya rage gudu ba. Kafin in kai saman tudun ya ɓace a gangara.

Ni motsa jiki ya fito da ni, shi kuwa neman abinci. Amma kwalta ɗaya muke bi, kuma haɗari ɗaya muke fuskanta.

Abin da ya bambanta wannan yanki

Mafi yawan Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi. Ɓangaren arewa maso yamma ne ya fita daban. A masarautar Kazaure, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ƙasa tana da tuddai da duwatsu da kwaruruka. Garin Kazaure kansa yana zaune ne a gefen tsaunuka, ga kuma madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba a kusa.

Mai mota ba ya cika lura da wannan. Mai keke kuwa a ƙafarsa yake jin kowane tudu. Irin wannan hanya mai hawa da gangara ita ce masu tseren keke ke nema domin atisaye, saboda hawan yana gina ƙarfin ƙafa da huhu, gangarar kuma tana ba jiki hutu kafin tudu na gaba.

Hanyoyi uku, hali uku

Hanyar Roni ita ce ta fi dacewa da mai farawa. Tana da tuddai, amma ba masu tsawon da za su karya gwiwa ba, kuma ƙauyuka ba su da nisa da juna. Mai matsakaicin ƙarfi zai iya zuwa ya dawo kafin rana ta take.

Ɓangaren Gwiwa, arewa maso yamma da Kazaure, kusa da iyakar Jihar Katsina, ya fi shiru. Motoci ba su da yawa, sai babura da amalanken shanu. Da kaka za ka ratsa gonakin gero da dawa da gyaɗa da riɗi, ga kuka da tsamiya da gawo tsaye a tsakiyar gonaki. Wanda ya bar kwalta ya shiga burji zai ga abin da ya fi haka kyau, sai dai ya shirya wa tsidau, ƙayar da ba ta raga wa taya.

Zuwa Babura, wadda ke gabas a masarautar Ringim, wata magana ce daban. Tafiya ce mai nisa. Tuddai suna ƙarewa, ƙasa ta miƙe, yashi ya ƙaru. A nan iska ce abokiyar gaba, musamman da hunturu, lokacin da take kaɗowa daga arewa maso gabas ta doki mahayi a fuska. Wannan hanya ta wanda ya saba ce, kuma bai kamata a bi ta mutum ɗaya ba.

Ƙauyen da na tsaya

A wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Roni tayata ta baya ta sace. Ban sha wahala ba, domin a gindin darbejiya akwai mai faci da famfonsa da kwanon ruwan gwada tif. Kekuna uku na tarar a gabana. Ɗaya ta ɗalibi ce, ɗaya ta mai tallar kayan koli, ta ukun kuma tsatsa ta ci sarƙarta, alamar ta daɗe a rataye kafin a sauko da ita.

Ba abin mamaki ba ne. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya kai wajen naira 1,000. Manomin da ya saba kunna babur ya je gona sai ya koma lissafi. Kekunan Raleigh da Phoenix da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka sake ganin rana.

A da, a irin waɗannan ƙauyuka, keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da ma'aikacin gona da ango duk da shi ake gane su. Da babura masu araha suka cika kasuwa, sai aka mayar da keke alamar rashi. Yanzu tsadar mai tana dawo masa da martabarsa, ko da ba da son ran mutane ba.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce keke ya dawo, amma hanyar ba ta san da zamansa ba.

Babban titin Kano zuwa Daura, wanda ya ratsa Kazaure, yana ɗauke da manyan motoci da ƙananan motocin haya masu gudu. Duk wanda zai shiga gari daga ƙauye, kusan dole ya hau shi ko ya tsallaka shi. Direbobi da yawa suna ganin mai keke ne ya kamata ya sauka daga kwalta. In ya sauka kuma, yashi ko zaizayar gefen titi na jiransa.

A ƙananan hanyoyi haɗarin iri daban ne. Tudu yana ɓoye abin da ke zuwa. Mai keke ya sako gangara da gudu, birkinsa ya cinye, sai ga garken awaki ko amalanke a kwana. Da kaka wasu na shanya amfanin gona a bakin kwalta. Bayan magariba kuwa, yawancin kekunan da na gani ba su da fitila, ba su da madubin baya mai ƙyalli, mahayin kuma sanye da kaya masu duhu.

Gyaran wasu daga cikin waɗannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Allunan gargaɗi a kan tuddai da kwanoni, cike gefen titi da ya zaizaye, da tunatar da direbobi a tashoshin mota ta hannun hukumar kiyaye haɗura da ƙungiyoyin direbobi, duk abubuwa ne da ƙaramar hukuma ko jiha za ta iya.

Darasi daga wasu ƙasashe

Tuddai dukiya ce ga wanda ya gane. Ruwanda, da ake wa laƙabi da ƙasar tuddai dubu, ta mayar da nata wurin tsere, har ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Burkina Faso na gudanar da gasar zagayen ƙasarta tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024.

A Najeriya kuwa, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili.

Kazaure na da abin farawa. Akwai tuddai, akwai matasa, akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Ko a wannan rana kaɗai aka shirya tseren matasa daga Kazaure zuwa Roni, tare da tsare hanya na 'yan sa'o'i, an ɗora harsashi.

Ga mai son gwadawa

Ka fita da sassafe, ka dawo kafin rana ta yi zafi, musamman daga Maris zuwa Mayu. Ƙarshen damina zuwa farkon hunturu ne lokacin da ya fi daɗi. Ka duba birki da iskar taya kafin ka tashi. Ka riƙe ruwa isasshe da famfo da kayan faci. Ka sa hular kwano da riga mai haske. Ka tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki, ka faɗa wa na gida inda ka nufa, kuma kada dare ya same ka.

In ka shiga ƙauye, ka rage gudu ka yi sallama. Wanda ka gaisar shi zai nuna maka mai faci.

A hanyar dawowa na sake haɗuwa da dattijon nan. Buhun ya tafi, galan biyu sun maye gurbinsa. Wata babbar mota ta taho ta danna ham, mu biyun muka gangara cikin yashi muka tsaya har ta wuce. Ya kaɗe ƙurar rigarsa, ya mayar da kekensa kan kwalta, ya ci gaba da hawan tudun.