Kunya da Masai: Yadda Idon Jama'a Ke Yaƙar Kwalara

A watan Oktoba na shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, watau dukkan ƙananan hukumominta 27, har da Birnin Kudu da Gwaram. Shekara guda kafin nan, a daminar 2021, jihar tana cikin waɗanda kwalara ta fi yi wa ɓarna. Alaƙar abubuwan biyu a bayyane take: giram ɗaya na bayan gida yana iya ɗauke da ƙwayoyin bakteriya har miliyan guda, ƙuda da ruwan sama kuwa su ne ke kai su cikin tuwo da rijiya.

Sai dai sanin wannan bai taɓa isa ya sa mutum ya haƙa masai ba. Dabarar da aka bi ta samo asali ne daga Bangaladesh wajen shekarar 2000, a hannun wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar. Akan tara mutanen gari su zana taswirar garinsu a ƙasa, kowa ya nuna inda ake zagayawa, sannan a taka tare a je a gani. Wani lokaci akan taɓa ƙazantar da silin gashi, a tsoma a kofin ruwa, a miƙa wa jama'a. Ruwan yana nan garau, amma ba mai sha. Daga ranar, abin da dā ba a ko maganarsa ya zama abin kunya.

Me ya sa kunya take da ƙarfi haka? A 1951 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka, inda ya sa ɗalibi cikin mutanen da aka shirya da su a asirce su ba da amsar ƙarya game da tsawon wasu layuka. Kusan uku cikin huɗu na ɗaliban sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na nuna musu gaskiya. Bahaushe ya riga shi faɗa: in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. A 2003 kuma Naomi Eisenberger ta nuna cewa idan aka ware mutum daga wasa, sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa lokacin raɗaɗin ciwo shi ne ke motsawa. Ashe tsangwama ciwo ce ta haƙiƙa.

Ga inda gizo ke saƙar. Yankin Birnin Kudu da Gwaram ƙasa ce mai duwatsu, haƙa rami a wasu wuraren sai da gumi da kuɗi, masan da aka rufe da itace da ƙasa kuma yakan rufta da damina. Tsohuwar da ba ta da mai haƙa mata, tsangwama ba za ta ba ta rami ba. Aikin gayya ne zai ba ta.

Asch ya gano wani abu kuma: da zarar mutum ɗaya a cikin taron ya saɓa wa sauran, sai bin ayarin ya ragu ƙwarai. Haka abin yake a gari. Idan masan gida ɗaya ya rufta aka bar shi har kaka, maƙwabta sun ga mai komawa bayan gari ba abin da ya same shi, na biyu ba zai ji nauyin bin sa ba.