Kyamarar Tsaro a Kasuwannin Arlit: A Yi Tunani Kafin A Zuba Kuɗi

Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Neman wannan rana ɗaya ne ya sa 'yan kasuwa a Arlit da Akokan suke juyowa ga kyamarar tsaro, na'urar da a dā sai a ƙofar kamfanin haƙar yuraniyom ko ta banki ake ganinta. Sai dai jama'a, wadda ta yi aiki lami lafiya a Yamai ko Kano tana iya mutuwa a nan cikin watanni, domin garinmu yana da abubuwa uku da ba su raga wa na'ura: zafi, ƙura da ɗaukewar wuta.

Dalilin damuwar a fili yake. An kafa Arlit a 1969 saboda yuraniyom, Somaïr ta fara aiki a 1971, Cominak ta biyo a 1978, kuma albashin ma'aikatansu ne ya raya kasuwannin nan shekara da shekaru. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Somaïr kuma ta shiga tangal-tangal bayan rufe iyakar Benin a 2023, har gwamnati ta mayar da ita mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ciniki ya ja baya, jari ya ƙanƙance. Ga baƙi masu wucewa zuwa Asamaka da Tamanrasset, ga masu neman zinariya tun 2014. Mai kantin da aka fasa wa ƙofa dare ɗaya, ko Hajiyar da aka zare wa bandir na atamfa, ba lallai su sake miƙewa ba.

Wace iri za a saya?

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai ta analog, wadda kowace kyamara ke da wayarta zuwa akwatin naɗa hoto mai suna DVR. Ta fi sauƙin kuɗi, masu gyaranta kuma sun fi yawa. Akwai ta IP mai akwatin NVR, wadda waya ɗaya kan kai mata wuta ta kuma kwaso hoto. Hotonta ya fi kyau, amma kada tsawon wayar ya wuce mita 100. Ga kanti ɗaya ko mangaza, kyamara huɗu ta analog mai megafiksel 2 ta wadatar. Hikvision da Dahua, dukkansu na ƙasar Sin, su ne sunayen da aka fi gani, saboda haka ne kuma aka fi yin jabunsu. A duba lambar da ke jikin na'ura ta dace da ta kwali, a karɓi takardar sayayya da garanti.

Alhaji, ka duba abu uku a kwalin. Na farko alamar IP66 ko IP67, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga. Na biyu iyakar zafin da take ɗauka. Mai kyau takan kai digiri 60, kuma kowa ya san yadda kwanon rufi ke zama a watan Mayu da Yuni. Na uku alamar WDR. Idan babu ita, duk wanda ya shigo daga hasken ranar waje zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa, ba fuska ba kamanni.

A yi hattara da ƙaramar kyamara mai arha da ke aiki da wifi da katin memori. Ɓarawo yana cire ta ya tafi da ita, ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Wuta kafin kyamara

Wutarmu daga tashar gawayi ta Sonichar da ke Cirozerin take zuwa, kuma ba sai an gaya wa kowa tana ɗaukewa ba. Ɓarawo ma duhu yake jira. Don haka a fara da lissafin batir. Kyamara huɗu da akwatinsu suna cin kusan wat 40, wato wat-awa 480 a dare mai awa 12. Batir ɗaya mai volt 12 da amfiya 100 zai ɗauki daren, muddin aikinsa ke nan kaɗai. Da an jona masa fanka da talabijin da cajin salular maƙwabta, kafin asuba ya kwanta. Farantin hasken rana zai cika shi da rana. A kuma sa regilatar, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ce ta fi ƙona waɗannan na'urori.

Ina za a kafa ta?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga kyamara can ƙololuwa don kada a taɓa ta, sai ta riƙa ɗaukar rawani da hula kawai. Mita biyu da rabi zuwa uku ya isa. A wannan yanki maza da yawa suna rufe fuska da rawani saboda al'ada da ƙura, ba don mugun nufi ba, saboda haka kada a dogara da fuska kaɗai. A sa ɗaya ta kalli ƙofa, ɗaya ta kalli akwatin kuɗi da hannun mai karɓa, ɗaya ta kalli ɗakin ajiya, ta huɗu ta kalli inda ake tsayar da babura da motoci.

Kada ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, a kuma yi mata 'yar rumfa. Waya a zura ta cikin bututu, don rana tana gasa ta, ɓera yana ci, almakashi yana yanka. A nisanta ta da wayar wuta. Akwatin naɗa hoto kuwa, shi ne zuciyar aikin: a ɓoye shi inda iska ke shiga, a kulle. Wanda ya ajiye shi kan tebur kusa da talabijin ya ba ɓarawo kyauta.

Faifan ajiya mai terabayit 1 yakan riƙe hoton kyamara huɗu na kwana goma zuwa mako biyu, sannan sabo ya share tsoho. Idan aka yi sata, a kwafe hoton a kile tun ranar.

Idan ta sami matsala

Kafin a kira mai gyara, ga abin da kowa zai iya dubawa. Idan kyamara ɗaya ta yi baƙi, galibi cajarta ce ko mahaɗin waya. A musanya da ta kusa a gani. Idan duka suka mutu, a duba batir da akwati. Idan da rana lafiya, da dare fari fat kamar hazo, ƙura ce ko yanar gizo-gizo a gilashi ke mayar da hasken dare. A goge da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu. Idan tana aiki da rana ta mutu da magariba, wutar da ke isa gare ta ba ta ishe ta ba, domin da dare ta fi ci. Idan akwati yana ƙara ba tsayawa, faifan ne ya gaji. Idan kwanan wata ya koma baya, a sauya ƙaramin batir mai kamar kwabo da ke ciki, domin hoton da ranarsa ba daidai ba yana raunana shaida a gaban alƙali.

Kowace Juma'a a mayar da hoton daren jiya a kalla. Minti biyar ne. Ba abin da ya fi ciwo kamar a tarar ranar sata cewa na'ura ta daina naɗawa tun watan jiya.

Sirri da amana

Wanda ya kafa maka ya san lambar sirri, to ka sauya ta da kanka ranar da ya gama. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori a duniya saboda masu su sun bar lambar da suka zo da ita. Kallo ta salula yana da daɗi ga mai tafiya saro kaya, amma yana cin kuɗin intanet, kuma naɗawa ba ta buƙatarsa.

Kada a auna gidan maƙwabci, ko wurin da mata ke gwada tufafi. A sa allo a sanar akwai kyamara, a gaya wa yaran kanti. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Hoton wanda ake zargi, komisariya ko jandarma za a kai. Watsa shi a WhatsApp yana iya sa a far wa marar laifi don kama, mai kaya kuma ya koma wanda ake ƙara.

Iyayenmu mata masu rumfuna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rumfa goma a layi ɗaya za su iya yin adashi su sa kyamara a bakin layin da ƙarshensa, da izinin shugabannin kasuwa, a rubuta wa ke riƙe makulli, wa ke biyan gyara.

Kyamara shaida ce kawai, ba ta ihu, ba ta kama hannun kowa. Kada a sallami mai gadi saboda ita, kada a yi sakaci da kwaɗo da fitilar ƙofa. Allah ya tsare dukiyar kowa, ya kawo kasuwa mai albarka.