Tukunyar Ƙasa: Firijin da Ba Ya Bukatar Lantarki

Jama'a, kowane magidanci ya san yadda kayan miya suka yi tsada. Abin takaici shi ne, uwargida takan sayo tumatir da tattasai, kafin kwana uku rabinsu ya ruɓe saboda zafi. Wannan hasara ce wadda za a iya tsayar da ita da abin da muka gada daga iyayenmu, wato tukunyar ƙasa.

Mutanen Minna ba baƙi ba ne ga wannan sana'a, domin matan Gbagyi sun daɗe da yin suna wajen ginin tukwane. A cikinsu ne aka sami Ladi Kwali, wadda ta koyi aikin a gida tun tana yarinya. Ta shiga makarantar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne ke bayan takardar Naira 20.

Me ya sa ruwan randa yake da sanyi? Jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin da ke ciki. Da wannan hikimar ce wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya don adana abinci, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ga yadda ake yi:

1. A sami tukwane biyu, babba da ƙarama, marasa fenti.
2. A zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar, a cika tsakaninsu da yashi.
3. A jiƙa yashin sosai, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma.
4. A sa tumatir, gauta ko alayyafo cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta.
5. A ajiye a inuwa, inda iska ke kaɗawa.

A lura: dabarar ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe. Da damina, musamman a wuri mai yawan ruwan sama kamar Minna, sanyinta yakan ragu. Haka kuma kada a dogara da ita wajen ajiye ɗanyen nama ko kifi.

Saboda haka ana kira ga iyaye mata su koya wa 'ya'yansu wannan tattali, magidanta kuma su riƙa sayen tukwane daga maginan garinsu. Kuɗin cefane zai yi albarka, masu sana'a su sami ciniki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.