Daga Bindigar Gasar Olympics Zuwa Bindigar Fenti a Katsina: Me Ke Sa Ƙarfin Iska Ya Riƙa Canzawa?

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook lokacin gasar Olympics ta Paris a 2024 ya ga hoton Yusuf Dikeç, ɗan Turkiyya da ya yi harbi hannu ɗaya a aljihu, ya kuma samu lambar azurfa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne bindigar hannunsa ba ta amfani da albarushi. Iska ce da aka matse take tura harsashin.

A wannan wasa ana harbi ne daga nisan mita 10, da ɗan harsashi mai faɗin milimita 4.5, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. A ƙarƙashin bututun bindigar akwai silinda da ake cika wa iska har bar 200, kusan ninki tamanin na iskar tayar mota. Wata ƙaramar na'urar daidaita matsi ce ke rage wannan ƙarfi, ta riƙa sakin iska daidai wa daida a kowane harbi. Idan ta samu matsala, wani harsashin ya fita da sauri, wani a hankali, sai maharbi ya ga yana sauka sama ko ƙasa alhali saitinsa bai canza ba.

Dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka, don haka ba kasafai ake ganin irinta ba. Amma 'yar'uwarta tana nan a garejojin Katsina da shagunan kafintoci da masu walda: bindigar feshin fenti. Tsarin ɗaya ne, wato tanki, na'urar daidaita matsi, tiyo da kunama. Ciwon ma ɗaya ne. Idan iska ta yi rauni a tsakiyar aiki, fenti ya fito da gudaji ko ya zuba kamar hawaye a ƙofar mota. Mai fenti ya yi asarar kaya da yini guda, wani lokacin har da kwastoma.

Inda matsalar ke ɓuya

Na farko shi ne matsin tanki. Na'urar daidaitawa rage ƙarfi kawai take yi, ba ta iya ƙarawa. Da zarar iskar tanki ta sauka ƙasa da inda aka saita ta, ƙarfin feshi zai bi ta ƙasa. Wannan kan faru idan kwampreso ya yi wa aikin ƙanƙanta, ko janareta ba ya ja da kyau.

Na biyu, yoyo. Zoben roba da ke mahaɗar tiyo yana bushewa ya tsage. Ruwan sabulu ya isa gwaji: duk inda ya yi kumfa, nan iska ke gudu.

Na uku, yanayin Katsina kansa. A damina, musamman watan Agusta, danshin iska yana taruwa ya zama ruwa a gindin tanki, ya bi tiyo ya ɓata fenti, ya kuma ci ƙarfen tankin da tsatsa. A hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatar iska. Zafi ma yana da nasa: iskar da ke rufe a tanki, idan ta tashi daga digiri 15 na sanyin safiya zuwa digiri 40, matsinta na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari.

Aikin da waya za ta yi

Maharba suna da na'urar auna gudun harsashi. Mai fenti kuwa wayarsa ta ishe shi fara bincike. Ya ɗora kyamara a kan geji, ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya yayin da ake danna kunama. Idan allurar ta faɗi sosai kuma ta daɗe ba ta dawo ba, iska ba ta isowa yadda ya kamata, sai a duba matata, tiyo da na'urar daidaitawa. Sannan a cika tanki, a kashe kwampreso, a ɗauki hoton geji, bayan minti talatin a sake ɗauka. Idan allura ta sauka sosai ba a taɓa komai ba, akwai yoyo.

Ƙa'idar ita ce wadda masu rubuta manhaja ke bi wajen farautar kuskure: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, kafin a taɓa na gaba. Wanda ya sauya tiyo da matata da bindiga a rana ɗaya, ko aikin ya gyaru, ba zai san wanne ne mai laifi ba, kuma ya biya kuɗin uku.

Kafin a kwance kowane ɓangare, dole a kashe wuta a kuma sauke iskar tanki gaba ɗaya. Tankin da tsatsa ta huda kuwa ba na kai wa mai walda ba ne, domin yana iya fashewa. Sauya shi ake yi.